Kirarin da Ya Raba Kellu da 'Yarta

Shafi'i Sanƙira ya ci amanar marainiya da uwarta, kuma da gangan ya ci. Masu cewa tuntuɓen harshe ne ba su san yadda aka yi ba. Masu cewa wasan Fulani da Barebari ne sun sani sarai, kunya ce ta hana su faɗin gaskiya, domin da su aka yi tafi a ranar.

Matar da ya cuta sunanta Kellu, 'yar marigayi Malam Zarami mai kanwa. Kakanta ne ya taso daga Barno ya zauna a Kazaure, a unguwar da ke gindin dutse, kuma a nan aka haifi ubanta, aka haife ta. Ta auri Kashim, mutumin Gwiwa, suka zauna a Kazaure saboda aikinsa. Wata safiya mota ta buge shi a kan babur a hanyar Roni, ya rasu. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Nafisat, yarinya mai ciwon sikila, wadda sanyi kaɗan ke kwantar da ita tana ihu da ciwon ƙashi.

Da Kellu ta fita takaba, yayan mijinta, Alhaji Lauwali mai hatsi a kasuwar Gwiwa, ya zo ya zauna a zaure. Ba mugun mutum ba ne, amma magana ɗaya gare shi. Ya san tun tana budurwa Kellu tana da murya, ya san tana rera waƙa a bikin ƙawayenta kafin Kashim ya hana ta.

"Ki riƙe yarinyar nan," in ji shi. "Ke kika san ciwonta, mu ba mu sani ba. Amma abu ɗaya nake so ki ji. Ranar da na ji sunan gidanmu a bakin 'yan kiɗa, ranar zan zo in ɗauki 'yar ƙanena. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Yaya."

Ta kama sana'ar uwarta, haɗa turaren wuta da humra. Sana'ar tana ciyar da su, amma ba ta iya ɗaukar asibiti da ƙarin jini. A kan haka ne ta amsa kiran Musaddiƙ, wani matashi mai situdiyo a bayan kasuwa. Takan je da hantsi cikin hijabi da niƙabi, da kwandon turare a hannu kamar mai kai wa mai saye, ta shiga ta rera, ta fito. A bidiyo wata yarinya daban ce ke motsa baki tana rawa. A wurin sunan mawaƙiya Musaddiƙ yakan rubuta Ɓoyayyiya, mutane kuwa suna ce mata aljana. Waƙar soyayya ba sana'ar da za a yi wa mace mai mutunci sha'awa ba ce, wannan ba a musu. Amma Kellu ba suna ta je nema ba. Jini ta je nema wa 'yarta, kuma ta rufe fuskarta da kunyar da mutane da yawa masu zaginta ba su da ita.

Shi kuwa Shafi'i, sana'arsa makirfo. Bikin aure, kamu, walima, taron siyasa, daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Babura, shi ake kira. Abin da ya fifita shi a kan sauran shi ne asali. In ya ga mace ta shigo, ba zai ce Hajiya kawai ya wuce ba. Zai kira sunanta, da na ubanta, da na kakanta, da garin da suka taso, har sai ta ji kanta ya yi girma ta buɗe jaka. Mutane suna tsammanin haddace kowa ya yi. Ba haka ba ne. Kafin kowane biki yakan ɗauki goro da sabulu ya zaga wurin tsofaffin mata masu girkin biki, ya durƙusa ya yi musu ba'a har su yi dariya, su zayyana masa wa zai zo, wa ya haifi wa. Babbarsu ita ce Inna Dela, wadda ba a ɗora tukunyar babban biki a yankin ba tare da an tambaye ta ba.

Wata rana ya je situdiyon Musaddiƙ ɗaukar tallar wani shagon yadi, ya ci karo da Kellu tana fitowa daga ɗakin ɗaukar murya. Da kwandon turarenta ya gane ta.

"A'a! Baiwata Babarbariya, ashe ke ce aljanar?"

Kellu ta zube a ƙasa a gabansa. Ta gaya masa sharaɗin Alhaji Lauwali, ta gaya masa ciwon Nafisat. Ta ce, "Malam Shafi'i, ka rufa min asiri don Allah. In maganar nan ta je Gwiwa, an raba ni da 'yata."

"Haba, tashi mana. Bafulatani yana tona asirin baiwarsa? Na rantse da Allah ba mai ji a bakina."

Musaddiƙ yana tsaye, ya ji rantsuwar.

Da damina ta yi nisa, wasu 'yan kasuwa suka shirya bikin karrama mawaƙa da 'yan barkwanci na ƙananan hukumomin nan huɗu. Aka kama ɗakin taro a Kazaure, aka ce daga azahar zuwa kafin magariba, aka ba Shafi'i gabatarwa. Musaddiƙ ya gaya wa Kellu an sa waƙarta a cikin masu takara. Ta ce ya cire. Ya ce ba a hannunsa yake ba, amma in an ci shi zai hau ya karɓa, ba wanda zai ji komai. Kellu ba ta je ba. Tana gida tana tankaɗe garin sandal.

Tun daga kyautar barkwanci aka fara gunaguni. Wani ɗan Roni ne ya ci, 'yan Babura da suka cika motoci suka zo suka ce nasu ya fi shi ban dariya. Da aka zo kan muryar mace, aka kira Ɓoyayyiya, aka bar mawaƙiyar 'yan Babura tana zaune da sabon leshi, sai ɗakin ya kama da ihu. Musaddiƙ ya hau zai karɓi kofin, ledojin ruwa suka fara sauka a kan dandamali.

"Maguɗi!"

"Aljana kuka ba kyauta? A fito da ita mu gani!"

"Ƙato da gemu ne muryar mace? Sauko!"

Shafi'i ya bar su suka yi, yana murmushi, yana gyara hula. Sai da ihun ya kai inda yake so, ya ɗaga hannu.

"'Yan Babura, ku natsu. Mutum ce, ba aljana ba. Kuna so in faɗa muku ko wace ce?"

Musaddiƙ ya kama masa hannun riga. Ya fizge.

"Kellu ta Zarami mai kanwa! Jikar Bukar mai raƙumi fari, wanda ya taso daga gabas ya sauke kaya a gindin dutse! Uwar Nafisat! Matar marigayi Kashim! Matar ƙanen Alhaji Lauwali na Gwiwa, mai gero ba a auna masa sau biyu! Babarbariya baiwar Fulani, yau kin fi iyayen gidanki murya!"

Ɗakin ya tashi. Waɗanda suka gama jifa su ne suka fi kowa tafi. Wayoyi suna sama, kowa yana ɗauka. Wani Alhaji ya hau ya manna masa kuɗi a goshi.

Kafin a kira magariba, bidiyon ya riga masu taron isa gida.

Matan unguwa ne suka kawo wa Kellu labari, kuma da guɗa suka kawo. Suka shigo tsakar gida suna rangaɗawa, wata ta rungume ta, wata tana cewa ashe da tauraruwa muke kwana ba mu sani ba. Aka miƙa mata waya. Ta kalla har ƙarshe, rariya tana hannunta.

"Ya ce Gwiwa?" ta tambaya.

"Har da sunan Alhaji ya kira! Wallahi ya iya, ba wanda ya bari."

Sai ta ajiye rariyar ta shiga ɗaki ta ɗauki Nafisat da ke barci ta rungume. Matan suka tsaya suna kallon juna.

Gari kuwa ya samu abin taɗi. A teburin mai shayi, a cikin adaidaita, a bakin masallaci, ba a maganar komai sai bikin. 'Yan Babura suka ci gaba da cewa an sayar da kyautar barkwanci. 'Yan Roni suka ce hassada ce. Wasu suka ce Kellu ta cancanta, muryar nan ko a Kano sai an tona. Wasu suka ce bazawara mai niƙabi tana waƙar ƙauna, ai munafunci ya ƙare. Amma a kan Shafi'i baki ya zo ɗaya.

"Kai, mutumin nan bala'i ne. Ka ga yadda ya kashe wutar da baki?"

"Da ba shi ba, da kujeru sun tashi."

"Har kakanta fa! Ina yake samo su ne?"

"Baiwa ce, malam."

Babu wanda ya tambayi abin da ya sa matar ta ɓoye tun farko. Mutane sun fi son a ba su abin kallo a kan su san wanda aka yanka aka ba su.

A kasuwar Gwiwa, Alhaji Lauwali yana auna gero, wani matashi ya tsaya a gaban rumfarsa ya kunna bidiyon da ƙarfi. Maƙwabcinsa mai wake ya ce, "Alhaji, ashe kofi ya shigo gida? A yi mana walima mana." Wani ya ɗauko daga nesa, "Mai gero ba a auna masa sau biyu!" Aka kwashe da dariya. Alhaji Lauwali ya ɗaure bakin buhu, ya rufe rumfa da rana tsaka.

Washegari ya iso Kazaure da matarsa Halimatussa'adiyya a motar haya. Bai ɗaga murya ba.

"Kellu, me na gaya miki a zauren nan?"

"Yaya, ka yi haƙuri. Ciwonta ne. Ranar da aka ce sai an ƙara mata jini ba ni da abin da zan..."

"Kin zo kin gaya min na hana ki?"

Ba ta je ba, gaskiya ne. Kunyar roƙo ta hana ta, ita ce kuma ta kai ta ga abin da ya fi roƙo.

"Haɗa mata kaya."

Kellu ta kama ƙafarsa. "Yaya, damina ce. Ba a barin ta ta taka ruwa. Ba a yi mata wanka da ruwan sanyi. In ta ce ƙafarta tana ciwo ba ƙiwa take ba, a lokacin ake gudu da ita asibiti. Daga Gwiwa kafin a samu mota... Yaya, ka dake ni, ka zage ni, ka sa in rantse ba zan sake ba. Kada ka ɗauke ta."

Halimatussa'adiyya ta juya fuska tana share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Alhaji, a duba."

Alhaji Lauwali ya juyo ya dubi Kellu. Sannan ya ce, "Ni ba zan tambaye ki komai ba, kuma ba zan sa ki rantsuwa ba. A gaban jama'a aka kira sunana. Wanda ya kira ya zo Gwiwa ranar kasuwa mai zuwa, ya tsaya a gaban rumfata, ya ce ya yi kuskure, ya sa sunan gidana inda bai kamata ba, ya ba ni haƙuri a ji. In ya yi haka, ni da kaina zan dawo miki da ita. Kafin nan tana wurina."

Aka sa Nafisat a mota tana tambaya ko biki za su. Kellu ta bi motar tana jefa wa Halimatussa'adiyya bayani ta taga: ƙwayar safe, ruwan ɗumi, safa, rigar sanyi. Motar ta hau titi Kellu tana kan magana.

Daga nan ba ta koma gida ba. Ta wuce situdiyo. Musaddiƙ ya fito da kofin zai ba ta, ta dube shi kamar ya miƙo mata garwashi, ya mayar. Ya ce Shafi'i ya daina ɗaga masa waya, amma yana zama a gaban shagon aski na bakin tasha.

A can ta same shi a kan benci, samari sun kewaye shi, ana sake kallon bidiyon.

"Jama'a, ku tashi! Ga mai kofi da kanta! Baiwata, kin zo kawo tukuici?"

"Malam Shafi'i, magana nake so mu yi, mu biyu."

"Faɗi a nan, duk 'yan uwa ne. Ai yanzu ba sauran ɓoyo."

Ta faɗa a nan, tunda ba ta da zaɓi. Ta gaya masa an tafi da Nafisat. Ta gaya masa abin da Alhaji Lauwali ya nema. Wasu daga cikin samarin suka zame.

Shafi'i ya ce, "To ni laifina me? Ɗaga ki na yi. Akwai matan da suke biyana in kira rabin abin da na kira miki. Yau ko'ina Kellu, Kellu. Wa ya san ki da?"

"Ka rantse min."

"Kin ga yadda ɗakin nan ya rikice? Rai na ceta. Kuma wasa ne tsakaninmu, kowa ya sani. Tun kakanni Bafulatani yake tsokanar Babarbare, ba a taɓa kai ƙara ba."

"Ba a wasan nan da marayu, Malam Shafi'i."

"Yanzu ni, da girmana, in je tsakiyar kasuwa in durƙusa wa mai gero? A ɗauka a waya a watsa? Kin san daga ina aka kira ni jiya? Kano."

Kellu ta durƙusa a kan laka, a gaban shagon aski, a gaban masu wucewa. Ta ce, "Ba durƙuso ya ce ba. Magana ce kawai, kai kuma magana ba ta yi maka wuya. Ni zan biya motar. In kana so in yi maka waƙa da sunanka, zan yi. In kana so kada in sake buɗe baki har in mutu, na yarda. Yarinyar nan ba ta iya kwana biyu ba tare da ni ba."

Mai askin ya leƙo da almakashi a hannu. "Shafi'i, ka ji tsoron Allah mana."

Ganin idanu sun yi yawa, Shafi'i ya yi dariya ya ce, "To shi ke nan, tashi, kada ki sa a ce na sa baiwata kuka. Ranar kasuwa ina nan tafe. Ki riga ni."

Ta riga shi. Tun da sassafe tana Gwiwa. Ta samu gindin wata bishiya daura da rumfar Alhaji Lauwali ta tsaya, idonta a kan hanya. Duk babur da ya tsaya sai ta miƙe. Duk motar da ta sauke mutane sai ta leƙa. Mutane suka gane ta, aka fara nuna ta da baki, wata yarinya mai tallar gyaɗa ta wuce tana rera amshin waƙarta. Ta kira wayar Shafi'i, tana shiga ba a ɗagawa. Daga baya aka kashe.

Alhaji Lauwali ya aiko mata da fura, ba ta sha ba. Shi ma yana auna hatsi yana duban hanya, domin ba ya son abin da yake yi, so yake a ba shi hanyar fita.

Bayan azahar hadari ya haɗo, aka yi ruwa mai ƙarfi, kasuwa ta watse rabi. Da aka ɗauke, mai waken nan ya matso da wayarsa, wannan karon ba da dariya ba. Ya nuna wa Alhaji hoton Shafi'i a Kano, cikin babbar riga, yana riƙe da makirfo a wani taro, a ranar aka ɗauki hoton. Alhaji ya kira Kellu ya nuna mata.

"Kin gani. Ni na jira."

"Yaya, wata kasuwar..."

"Na faɗi rana a gaban mutane. Je ki gida ki gan ta kafin ki tafi."

Ta je. Tun daga ƙofar gida ta hango yara suna tsalle a kwatamin ruwan sama, Nafisat a cikinsu, ba takalmi, rigarta a jiƙe tana dariya. Halimatussa'adiyya tana madafa, ba ta san ta fita ba. Kellu ta yi ƙara ta sure ta, ta cire mayafinta ta naɗe ta, tana murza mata ƙafafu tana cewa a kawo ruwan zafi. Kafin la'asar yarinyar ta fara cewa gwiwarta. Kafin a samu motar da za ta kai su Kazaure, ihunta ya tara unguwa.

Nafisat ta yi kwanaki da yawa a asibiti. An bar Kellu ta yi jinya, domin ba wanda yarinyar ke yarda ya taɓa ta sai ita. A nan Inna Dela ta zo dubiya. Tana garin Kanya Babba wurin wani biki lokacin da aka yi abin, kuma ita ba ta riƙe wayar kallo, labari kawai ta ji sama-sama. Wata mai jinya a gadon kusa ta kunna mata bidiyon. Tsohuwar ta saurara, ta ce a mayar. Aka mayar.

"Bukar mai raƙumi fari," ta ce. "Kellu, wa ya san wannan a garin nan?"

"Ni ma a bakinki na taɓa ji, Inna."

Inna Dela ta zauna a bakin gado. Ta ce ana saura kwanaki a yi taron, Shafi'i ya zo mata da goro da sabulu. Ya ce wani mutumin kirki ne yake son auren Kellu, ya aiko shi binciken asali a asirce. Ita kuma don murna ta zauna ta zayyana masa komai, tun daga Barno har gidan Alhaji Lauwali, har ta yi masa addu'a da zai tafi.

Wannan shi ne abin da masu cewa tuntuɓen harshe ba su sani ba. Kirarin a shirye yake a cikinsa kafin a jefa leda ko ɗaya. Rigimar 'yan Babura ƙofa ce kawai ta buɗe masa. Da ba su yi ba, da ya nemi wata.

Da aka sallami Nafisat, Alhaji Lauwali ya biya asibiti, ya sa ta a mota, aka koma da ita Gwiwa. Kellu ta tsaya a bakin ƙofar asibiti da ledar magani da aka manta, sai da ta bi su da ita a babur.

Inna Dela ba ta je wurin hukuma ba, ba ta yi wa kowa ihu ba. Ta ɗaura zane ta zaga gidajen masu girki ɗaya bayan ɗaya, ta aika wa na Roni da na Babura da na Gwiwa. Abin da ta gaya musu gajere ne: da bakinmu ya yanka yarinyar nan.

Shafi'i ya dawo daga Kano da sabon takalmi. Akwai babban biki a Roni, an riga an kama shi. Ya ɗauki goro da sabulu ya nufi gidan Inna Dela kamar kullum.

"Inna ta gari, uwar tukwane! Su wa za mu gani a Roni?"

"Mutane."

"Haba Inna. Uwar amarya 'yar wane gida ce?"

"Je ka tambaye ta."

"Fushi ake da ni ne? Ga goronki."

"Ajiye shi a aljihunka. Wanda ya aiko ka neman auren Kellu, yaushe zai turo?"

Ya yi dariya, dariyar ba ta zauna ba. Ya fita ya tafi gida na gaba. A can ma haka. Wata ta ce kanta yana ciwo, wata ta ce ta tsufa ta manta, wata ko sallamarsa ba ta amsa ba.

Ya je bikin Roni da kai wayam. Ya riƙe makirfo, mata suna shigowa, ba abin da yake fita sai Hajiya ikon Allah, Hajiya sannu da zuwa. Da ya ga ba mai buɗe jaka, ya fara kintace. Ya kira uwar amarya da sunan gidan da ba nata ba. Ya yi wa wani dattijo fatan tsawon rai, alhali a bara aka binne shi, 'ya'yansa suna zaune a gaba. Wan ango ya taso ya karɓe makirfon, ya ba yaron mai kiɗa.

Bayan wannan masu girki suka fito da maganarsu a fili. Duk wanda ya zo kama su, tambayar farko ita ce wa zai riƙe makirfo. In an ce Shafi'i, sai su ce a nemi wasu masu tuƙa tuwon. Ana iya biki ba sanƙira. Ba a iya biki ba abinci. 'Yan Kano kuwa sau ɗaya suka kira shi, lokacin da bidiyon yake da zafi, da ya huce suka manta da lambarsa. Masu shirya bikin karramawa suka ce baɗi za su kawo wani daga Dutse. Waɗanda suka ce baiwa ce a teburin mai shayi, su ne suka koma cewa dama tun farko ba su yarda da shi ba.

Sai da kaka ta yi, aljihu ya bushe, sannan ya hau babur ya tafi Gwiwa ranar kasuwa. Ya tsaya a gaban rumfar Alhaji Lauwali ya cire hula, ya ɗaga murya ya ce ya yi kuskure, a yafe masa. Alhaji bai daina auna gero ba.

"Don yarinyar ka zo, ko don tuwon biki?"

"Ranka ya daɗe, ai duk ɗaya ne..."

"Ranar da na sa ta wuce. Matsa, kana tare min masu saye."

Nafisat tana Gwiwa har yau. Kellu ba ta sake shiga situdiyo ba. Ta bar Kazaure ta kama ɗaki a Gwiwa kusa da gidan Alhaji Lauwali, tana sayar da turare, ana barin ta ta shiga da safe ta ba yarinyar magani ta sa mata safa, ta fita. In hadari ya haɗo, duk inda take sai ta bar kwandonta ta ruga.

Shafi'i bai sake riƙe makirfo a biki ko taro ba, daga Kazaure har Babura. Yana tashar mota yana kamasho, yana kiran Roni, Gwiwa, saura mutum ɗaya. In mace ta zo shiga mota ya tambayi sunanta, ba ta faɗa masa.